Yadda Ake Nazarin Siyasar da Ke Cikin Labaran Rediyo da Talabijin

Mai son gane inda wata tasha ta karkata a siyasance ya fara da naɗar babban shirinta na labarai a lokaci ɗaya kowace rana, na tsawon makonni biyu ko wata guda, tare da na wata tashar da zai kwatanta da ita. Labaran rana ɗaya ba su isa a yanke hukunci ba, domin abin da ake nema shi ne halin da ke maimaituwa.

Daga nan sai a bi labaran ɗaya bayan ɗaya, a rubuta matsayin kowanne a jeri, da daƙiƙun da aka ba shi, da wanda aka bari ya yi magana da bakinsa. A ganina, nan ne ya fi cancanta a daɗe. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1968, manazarta biyu, Maxwell McCombs da Donald Shaw, sun tambayi masu zaɓen garin Chapel Hill da ba su tsai da shawara ba game da manyan matsalolin ƙasa, sai suka tarar abin da mutanen suka lissafa ya yi kusan daidai da batutuwan da kafafen labarai suka fi yayatawa. Saboda haka, idan minista ya samu daƙiƙa 40 yana bayani da muryarsa, shi kuwa ɗan adawa mai karanta labarai ne ya taƙaita maganarsa a jimla guda, wannan fifiko ne da za a rubuta, ko da babu ƙarya a rahoton.

A talabijin, hoto ma magana yake yi. Manazarta a Jami'ar Glasgow da suka naɗi labaran talabijin na Birtaniya a 1975 sun lura cewa a lokacin yajin aiki, sau da yawa ana hira da shugabannin kamfani a natse cikin ofis, ma'aikata kuwa a bakin ƙofar masana'anta cikin hayaniya. A rediyo, sai a saurari muryar da aka fara sakawa da wadda aka ba damar rufe rahoto.

Sai a binciki mai tashar, da inda take samun kuɗi, ko gwamnati ce ko masu talla, da dokar da take aiki a ƙarƙashinta. A Amurka, alal misali, ƙa'idar da ta wajabta wa tashoshi kawo ra'ayoyi mabambanta kan batutuwan da ake taƙaddama a kai ta yi aiki daga 1949 har aka soke ta a 1987, kuma dole wanda ke kwatanta labaran waɗancan shekarun ya yi la'akari da hakan.

Abin da aka ƙi faɗa shi ya fi wuyar kamawa, kuma kwatanci da tasha ta biyu da jaridun ranar ne ke fito da shi. Kafin a rubuta sakamako, a ba wani mutum wani ɓangare na labaran ya tantance da ma'auni iri ɗaya ba tare da ya ga naka ba, kuma duk inda kuka saɓa, a koma a sake sauraro.