Yadda ma'aikaci zai ci moriyar ɗan lokacin da aiki ya bar masa

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta tsaida wa ma'aikaci awa 40 a mako. Mako kuwa awa 168 ne. Cire barci, a ce awa 7 kowane dare, 49 ke nan, saura 79. A takarda dai ma'aikaci attajirin lokaci ne. Amma tare duk wanda ya sauko daga biro da yamma a nan Damagaram ka tambaye shi, zai ce maka bai san inda ranar ta shige ba. Na daɗe ina cikin masu wannan kuka, sai da na gane cewa lokacin namu gutsattsari ne, ba ya zuwa a dunƙule, kuma wanda ke jiran ya samu yini guda cur babu hidima zai tsufa yana jira. Ga yadda na bi na tattara nawa.

Mataki na farko: ka kama ɓarawon

Sayi ƙaramin kaye ka sa a aljihu. Kwana bakwai, duk abin da ka yi daga tashi aiki zuwa kwanciya ka rubuta shi da lokacinsa. Kada ka gyara halinka a makon, kada kuma ka yi wa kanka ƙarya. Cefane, tarar ruwa, kai yara lakkwal, gaisuwar mutuwa, duk su shiga.

Da na yi nawa, ina zaton zirga-zirga ce ke cinye ni. Ashe ba ita ba ce, garin namu bai kai girman da moto zai yi awa guda daga Birni zuwa Sabon Gari ba. Ɓarayina biyu ne: salula da fada, wato majalisar shayi da hira ta abokai. Ina kwanciya bayan isha'i da niyyar duba saƙo ɗaya a WhatsApp, sai in farga sha biyu ta gota, kuɗin intanet sun ƙare, ido ya yi ja.

Mataki na biyu: abu ɗaya tak

Nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Mutum ya yi zuciya rana ɗaya, ya ce zai yi tilawa, zai koyi Turanci, zai riƙa gudu da safe, zai fara kiwo, duk a wata guda. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Zaɓi abu ɗaya na wata uku, wanda in ka gama za ka iya nuna shi da yatsa: izu biyu na hadda, shirin jarrabawar ƙarin girma a wurin aiki, iya aiki da manhajar lissafi ta Excel a kwamfuta, ko rago biyu da za ka turke zuwa babbar salla. In sana'a ce ta neman kuɗi, fara duba abin da ƙa'idar aikinka ta yarda da shi, musamman in kai ma'aikacin gwamnati ne.

Mataki na uku: ɗaura shi a jikin salla

Agogo ba ya riƙe alkawari a garin nan, amma kiran salla ba ya saɓawa. Saboda haka kada ka ce “ƙarfe shida zan yi karatu”, ka ce “in na dawo daga masallaci da asuba”. Abin da aka jingina da salla ba a mantawa da shi, domin ladan ne ke tuna maka.

Daga sallar asuba zuwa shirin fita aiki shi ne lokaci mafi tsada da ma'aikaci ke da shi. Gari da sanyi, baƙo bai fara sallama ba, kai bai ɗau zafi ba. Duk abin da ke bukatar ƙwaƙwalwa a nan za ka sa shi, ko da minti 40 ne. Minti 40 sau biyar a mako ya haura awa uku, a mako 12 kuwa awa 40 ne cif, mako guda na aiki ke nan ka ƙwato ba tare da ka roƙi kowa izini ba. Sharaɗin kawai shi ne salula ta kwana nesa da shimfiɗa. Ni a falo nake barin tawa, a kan caji in akwai wuta.

Tsakanin magariba da isha'i gajere ne, ya dace da tilawa ko duba wa yara kayensu na lakkwal. Bayan la'asar kuma na aikin jiki ne: ba dabbobi dusa da harawa, ban ruwan ɗan lambun zogale a bayan gida, ko tafiya a ƙasa.

Sai dai a yi la'akari da yanayi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, duk wanda ya tsara wa kansa karatu da rana tsaka wahalar da kansa kawai zai yi. Wannan lokacin na ƙailula ne, kuma ba lalaci ba ne. Da hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Janairu, dare ya yi tsawo da sanyi, sai a matsa wa karatun dare.

Mataki na huɗu: ka yi sulhu da fada

Ban ce a bar fada ba. A can ake jin wanda ya rasu da wanda aka yi wa haihuwa, a can ake samun mai ranta maka jika biyar ranar 25 ga wata. Matsalar ita ce shayi ba ya sauri. Kafin gawayi ya kama, a dafa na farko mai ɗaci, a yi ta juye shi daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, a sake ɗora na biyu, a jira na uku, awa biyu sun tafi, hira kuma ba ta ko kai rabi ba.

Ranar da na fara miƙewa bayan kofin farko, babban fadarmu ya dube ni ya ce, “Malam, lafiya? Ko uwargida ce ta kafa doka?” Aka kwashe da dariya. Na ce, “Yaya, jarrabawa ce a gabana, a yi mini uzuri zuwa bayan salla. Amma daren Asabar sukari da ganyen shayi a wuyana.” Shi ke nan magana ta mutu. Da na ɓace shiru, da an ce girman kai ne. Faɗi dalilinka a fili, ka yanke ranakun da za ka zauna har kofi na uku, ka kuma cika.

Haka zancen biki da suna da ta'aziyya. Waɗannan ba a tsara su, ba a kuma guje musu. Abin da ake yi shi ne a bar musu fili tun farko: kada ka cika Asabar da Lahadi da shiri har su toshe. Rabin yini guda ka ɗauka, ka bar sauran ga jama'a.

Wata abokiyar aikina da na nuna wa wannan tsari ta yi murmushi ta ce, “Malam, asubar taku ce. Tawa ta koko ce da wankan yara.” Gaskiyarta. Mace ma'aikaciya aiki biyu take yi, kuma ba za ta samu minti 40 ɗin nan ba sai maigida ya ɗauke mata wani abu, ko cefane ko kai yara, ko cika bido in famfo ya kawo ruwa cikin dare kamar yadda ya saba yi mana. Ita a hutun azahar ta samo nata, tana saƙa huluna a biro bayan ta yi salla.

Mataki na biyar: ware na hutu

Ba kowace awa ce sai ta haifi kuɗi ko takardar shaida ba. Wata Lahadi ɗauki iyali ku nufi Mirriya, kilomita 18 ne kawai kuma ranar kasuwarta ce, ku sha inuwa ku sayo kayan lambu. Ko ka zaga da yara cikin lungunan Birni su ga fadar Sarkin Damagaram da zanen jikin tsofaffin gidaje, ka gaya musu cewa garin nan ne babban birnin ƙasar kafin a mai da shi Yamai a 1926. Da yawa an haife su a Zongo ba su taɓa shiga ba.

Mataki na shida: duba kayen

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, buɗe kayen ka ƙirga kwana nawa ka cika. Uku cikin biyar ba faɗuwa ba ce. In ka ga mako biyu a jere babu ko ɗaya, to lokacin da ka zaɓa ne bai dace ba, ko abin ya yi maka yawa: rage shi zuwa minti 20, ko ka matsar da shi jikin wata sallar. Da azumi kuwa tsarin gaba ɗaya rushewa yake yi, don bayan sahur barci ne ke kan kowa. Ni nakan rufe kayen in ajiye shi a kan firji, sai kwana uku bayan ƙaramar salla in ɗauko.