Kurakuran da ke haɗa marubuci mai zaman kansa da edita faɗa a kan gyara

Babban kuskure yana faruwa ne tun kafin a rubuta kalma ɗaya. Edita ya kira waya, a gaisa, ya ce, "Malam, muna son rubutu mai kalma 1,000 a kan tsadar taki." Marubuci ya ce to, in sha Allahu, kowa ya ajiye waya. Babu wanda ya ambaci sau nawa za a dawo da aikin don gyara, ko kwana nawa edita zai yi kafin ya amsa, ko ranar biya. Kunya ce ke hana mu, musamman idan editan ya girme mu ko ya taɓa koyar da mu. Amma wannan kunyar ce ke komawa ƙorafi bayan wata guda, lokacin da rubutun ya dawo karo na huɗu, kuɗi kuma shiru.

Maganinsa gajeren saƙo ne a rubuce, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, don in tabbatar na fahimta: kalma 1,000, zan miƙa ranar Laraba, gyara sau biyu yana cikin kuɗin, abin da ya wuce haka sai mu sake magana." Idan aikin babba ne, kamar littafi ko fassara, a nemi kafin alƙalami. A kuma daddale kan wane adadi za a yi lissafi, domin idan ana biya bisa yawan kalmomi, edita ya rage 1,000 zuwa 700, kowa zai ga gaskiya a nasa lissafin.

Daga nan sai rashin bambance gyara da sabon aiki, kuma a ganina nan ne aka fi cutar marubuta. Idan edita ya ce a sauya mabuɗi, wato farkon rubutun, a gajarta wani sakin layi, ko a tabbatar da wani adadi, wannan gyara ne, wajibi ne marubuci ya yi ba tare da ɓata rai ba. Amma idan an ce ka rubuta a kan tsadar taki, ka je kasuwa, ka zauna da manoma, sannan aka dawo aka ce ai gara a mayar da shi kan rancen noma, to an ba ka sabon aiki ne da sunan gyara. Tela ma idan ya ɗinka riga aka ce ya rage hannu zai rage, amma ba zai mayar da ita wando a kan kuɗin farko ba. Faɗi haka a lokacin, kafin ka soma, ba bayan ka gama ba.

Su ma editoci da nasu. "Wannan wurin bai yi ba" ba gyara ba ne, domin marubuci bai san me zai taɓa ba. Kwatanta shi da wannan: "Sakin layi na uku ya maimaita abin da na farko ya faɗa, a cire jimla ta biyu, sannan a faɗi kasuwar da aka samo farashin." Minti goma ya isa a gama da irin wannan. Haka nan watsa gyara a wurare daban-daban: rabi a imel, wani a saƙon murya na WhatsApp da tsakar dare, wani a kiran waya. Dole wani abu ya salwanta. A tara komai a cikin takardar kanta. Manhajar rubutu ta Word tana da Track Changes mai nuna duk abin da aka cire ko aka ƙara, Google Docs ma yana da wurin ba da shawara a gefe. Idan kuma mutum biyu ne ke duba aikin, su daidaita bakinsu tukuna, kada ɗaya ya ce a ƙara, ɗaya ya ce a rage.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin abin da ya kamata a yanke tun farko, wato ƙa'idar rubutu. Za a sa ƙugiya a ɓ, ɗ da ƙ? "Za a" ake rubutawa a rabe, haka ma "ya ce," amma da yawa suna haɗe su. A Nijeriya ana rubuta 'y, a Nijar kuma ƴ, don haka wanda ke Maraɗi yana yi wa jaridar Kano aiki sai ya tambayi tsarin gidan. Edita ya aiko da shafi ɗaya na ƙa'idojinsa, ya huta da gyara abu ɗaya a kowane layi.

Marubuta kuma su daina ɗaukar jan biro a matsayin raini. Wasu su yi fushi su yi shiru kwana biyar, wasu su karɓi komai ido rufe don kada a hana su aiki na gaba. Duka biyun kuskure ne. A bi gyaran ɗaya bayan ɗaya, wanda aka yarda da shi a yi, wanda ba a yarda ba a kawo dalili a jimla guda.

Akwai wurin da bai kamata a yi sassauci ba. Kanun labari a al'adar jarida na edita ne, amma maganar da aka ɗauko daga bakin mutum, da adadi, da suna, kada a taɓa su sai marubuci ya gani. Shi ya zauna da manomin, shi za a kira idan an sa masa maganar da bai yi ba, kuma sunansa ne a saman rubutun. Don haka ya roƙi a nuna masa kwafin ƙarshe kafin a wallafa, ya kuma duba shi a ranar, kada ya riƙe wa edita shafi.