Sunanka a kan kati, bashi a wuyan wani

Idan ka sauka Amurka ko Ingila, izini iri biyu za ka riƙa cin karo da su a harkar katin bashi. Akwai wanda banki ke bayarwa duk lokacin da ka yi sayayya, akwai kuma wanda mai kati ke ba wani ya riƙa kashewa daga asusunsa.

Na farkon ba wuya. Da ka ɗora kati a kan na'urar shago, saƙo zai bi ta bankin shagon, ya ratsa Visa ko Mastercard, ya isa bankin da ya ba ka katin. Can ake duba ko katin na aiki, ko ba ka haura iyakar da aka yanka maka ba, ko cinikin bai yi kama da na ɓarawo ba. Kafin ka mayar da katin aljihu amsa ta dawo. Sai dai kuɗin bai tafi ba tukuna, riƙe shi aka yi, sai bayan 'yan kwanaki ake kammala lissafi. Otal, masu hayar mota da famfon gidan mai sukan riƙe fiye da abin da ka kashe. A Amurka famfo na iya riƙe har dala 175 alhali man dala 30 ka sha. Ba cuta ba ce, za a saki ragowar. Amma mai ƙaramar iyaka ya kula, kada kati ya ba shi kunya a shago na gaba.

Na biyun ne ke ɓata zumunci. Yayanka ko abokin da ya riga ka zuwa zai nemi bankinsa ya saka ka a asusunsa, kati ya zo da sunanka ɓaro-ɓaro. Duk da haka, ko sisi ka kashe, wanda ya saka ka banki zai bi, ba kai ba. Wannan daban yake da asusun haɗin gwiwa, inda kowa ya sa hannu kuma bashin ya hau kan kowa.

To, me sabon zuwa zai samu? A Amurka bankuna da yawa suna kai rahoton asusun da sunanka ga Equifax, Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Daga rahotonsu ake fitar da makin FICO, wanda ke tsakanin 300 da 850, kuma mai ba da hayar gida ko bashin mota yakan leƙa tarihin nan kafin ya saurare ka. Ka ga ka raɓi mai kyakkyawan suna ke nan. Amma zomo ba ya kamuwa daga zaune: ka tambaya ko bankin na kai irin wannan rahoto, kuma ka san halin mutumin, domin in yana makarar biya ko ya cika katin maƙil, tabon na iya shafarka. A Ingila kuwa kada ka sa rai, ƙarin kati ba ya gina maka tarihi, na mai asusun kaɗai ake rubutawa.

Kai kuma mai saka ƙaninka, ga abin da ba a cika faɗa ba. Dokar Amurka ta taƙaita asararka a dala 50 idan ɓarawo ya yi amfani da katinka, amma wanda ka ba izini da kanka ba ɓarawo ba ne a idon banki, komai ɓarnar da ya yi. Wasu kamfanonin kati, irin su American Express, suna barin ka yanka masa iyakar kashewa, cire shi kuma kiran waya ɗaya ne.

Ni dai shawarata, ku yanke adadi da ranar biya tun kafin katin ya iso, kunya ba ta biyan bashi. In kuma tarihin kawai ake nema, ba dole sai an taɓa katin ba. Rahoton na tafiya ko da mai asusu ya karɓi katin ya kulle shi a durowa.