Darasi na Takwas: Gyaran Tallan Google Domin Kuɗin Talla Su Dawo da Riba

Tallan da ake biya bisa dannawa shi ne wanda yake fitowa a saman shafin Google idan mutum ya rubuta abin da yake nema, kuma mai tallan ba ya biyan ko kwabo sai an danna tallan an shiga. Kamfanin Google ya buɗe dandalin tallansa a shekarar 2000 da sunan AdWords, ya shigo da tsarin biya bisa dannawa a 2002, sannan ya canza masa suna zuwa Google Ads a 2018. Wannan darasi na waɗanda suka riga suka fara talla ne, amma suna ganin kuɗi na tafiya ciniki bai ƙaru ba.

Duk lokacin da wani ya rubuta abin da yake nema, Google yana yin gwanjo nan take tsakanin masu tallan da suka zaɓi tallansu ya riƙa fitowa idan an rubuta wannan kalma. Sai dai ba wanda ya fi tayi da tsoka ne kullum yake yin nasara ba, domin ana duba ingancin tallan, har ma ana nuna wa mai talla maki daga 1 zuwa 10 a kan kowace kalma. Makin ya rataya ne a kan yadda ake sa ran mutane za su danna, da dacewar tallan da abin da aka nema, da kuma kyawun shafin da mutum zai faɗa bayan ya danna. Saboda haka ƙaramin ɗan kasuwa mai tsabtataccen talla yana iya shan gaban wanda ya fi shi jari.

Mu ɗauki misalin mai shagon kayan sola kusa da kasuwar Terminus a Jos. A ce ya kashe naira 30,000 a wata, an danna tallansa sau 200, wato kowace dannawa ta ci masa naira 150. Wannan lissafi bai gaya masa komai ba tukuna. Abin da zai tambaya shi ne mutum nawa ne daga cikinsu suka sayi kaya. Idan mutum 6 ne, to kowane mai saye ya zo masa a kan naira 5,000, kuma idan ribar da yake samu a kan kowanensu ba ta wuce naira 4,000 ba, faɗuwa yake yi ko da wayarsa ba ta daina ƙara ba. Wannan ne ya sa ya zama dole a kunna tsarin da yake ƙirga kiran waya da saƙonni da sayayyar da suka biyo bayan dannawa. Wanda bai iya kunna shi ba tukuna, sai ya ajiye littafi a kan kanta, yana tambayar duk wanda ya zo inda ya ga shagon, yana rubutawa.

Babbar kafar da kuɗi suke zurarewa ita ce kalmomin da ba na masu saye ba. A cikin dandalin akwai rahoton da yake nuna ainihin abin da mutane suka rubuta kafin tallanku ya fito musu, kuma a ganina babu shafin da ya kai shi amfani. Mai kayan sola zai iya tarar da cewa ya biya kuɗi saboda ɗalibin da yake neman bayanin yadda sola take aiki domin jarrabawa, da mai neman aikin haɗa sola, da wanda yake neman ta kyauta. Dukkansu sun danna, an cire masa kuɗi, kuma babu mai niyyar saye a cikinsu. Maganin wannan shi ne jerin kalmomin hani, inda za ku zuba irin su kyauta, koyo, neman aiki da tsohon hannu idan sabo kawai kuke sayarwa, sai tallanku ya daina fitowa idan an haɗa da su. Ku rubuta su da Turanci da Hausa, tun da masu nema da yawa da Turanci suke rubutawa. Haka kuma idan kuka saki kalma sakaka, Google zai haɗa ta da duk abin da yake ganin ya yi kama da ita, don haka mai ƙaramin jari ya fi dacewa ya ɗaure kalmominsa a kan jimla ko a kan ma'ana guda, wato tallan ya fito kawai idan abin da aka rubuta ya ƙunshi ma'anar jimlar ko ya zo daidai da ita.

Sai batun wuri. Idan motarku ba ta kai kaya wajen Jos da Bukuru, babu dalilin da zai sa ku biya kuɗin dannawar mutumin da yake Legas. A nan akwai wani tarko da yake kama mutane da yawa: idan ba ku canza ba, tallan yana iya fitowa har ga waɗanda suke nesa amma suka nuna sha'awar garin, don haka ku zaɓi waɗanda suke cikin yankin kawai. Ku kuma tsara lokacin fitowar tallan ya dace da lokacin da akwai mai ɗaukar waya, domin kiran da ya shigo ƙarfe biyu na dare, ko ana tsakiyar sallar Juma'a shago a rufe, an biya kuɗinsa amma ba a amfana ba.

Rubutun tallan kansa yana ɗaukar kanu har 15, kowane bai wuce harafi 30 ba, da bayanai 4 masu harafi 90, kuma Google ne yake jujjuya su. Ku faɗi kayan da sunansu, da unguwar da kuke, da farashi idan tsayayye ne, domin farashi yana korar wanda ba zai iya saye ba kafin ya ci muku kuɗi. Wanda ya nemi batirin sola, shafin batiri za a kai shi kai tsaye, kuma shafin ya buɗe da sauri a ƙaramar waya ba tare da ya cinye masa data ba.

Kada hankalinku ya tashi idan kun ga an zarce kasafin yini. Google yana iya kashe ninki biyu na abin da kuka ware a rana ɗaya, amma a wata ba zai caje ku fiye da kasafin yini sau 30.4 ba, wato wanda ya ware naira 1,000 ba zai biya sama da 30,400 ba. Idan za ku yi gyara, ku taɓa abu ɗaya ku bar shi ya yi kamar mako biyu, domin wanda ya canza kalmomi da rubutu da tayi a rana ɗaya ba zai san wanne ne ya yi aiki ba.

Aikin gida: kowa ya buɗe rahoton kalmomin da aka rubuta a watan da ya wuce, ya kwafo guda 10 a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin waɗanda ba na masu saye ba ne, sannan ya raba kuɗin da ya kashe da yawan waɗanda suka sayi kaya, ya zo da amsar a zama na gaba.