Kurakuran da ke tura masu tafiya a ƙasa cikin titi

Duk wanda ya tare hanyar masu tafiya a ƙasa, da jikinsa yake yin awo. Zai ajiye mota ko kwandon shara ko tulin yashi, ya ja da baya ya duba, ya ga akwai ɗan wurin da shi kansa zai raɓa ya wuce, sai ya ce ai an bar hanya. Daga nan sauran kurakuran suke tasowa. Mai lafiya, mai ido, wanda hannunsa ba kaya, yana iya karkata kafaɗa ya shige. Mai keken guragu ba ya karkatawa. Uwa mai tura keken jariri, ga wani yaron riƙe da hannunta, ba ta karkatawa. Tsoho mai dogara sanda kuma ba zai hau dandamali ya sauka sau uku a tsakanin gida biyu ba. Dukkansu abu ɗaya ya rage musu, su sauka cikin titi su haɗa hanya da motoci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar daga cikinsu a ƙafa suke tafiya.

Gyaran wannan kuskure shi ne a daina awo da ido, a ɗauko tef ɗin awo. Keken guragu na yau da kullum faɗinsa ya kai wajen santimita 65 zuwa 70, ban da hannuwan mai shi da ke juya tayoyi ta gefe. Ƙa'idojin da Amurka ta kafa a ƙarƙashin dokarta ta naƙasassu ta 1990 sun ce mafi ƙarancin filin wucewa shi ne inci 36, wato santimita 91. Jagoran ma'aikatar sufuri ta Birtaniya ya fi haka buɗewa: mita 2 domin keken guragu biyu su iya giftawa, idan wuri ya matse kuma mita 1.5. Ƙa'ida ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma babu inda ake lissafa "ai mutum zai iya wucewa" a matsayin ma'auni.

Mota ce ta fi kowa laifi, kuma abin mamaki, mai ita yana ganin kirki ya yi. A unguwannin gefen birni titi ba shi da faɗi, sai direba ya ɗora tayoyi biyu a kan hanyar ƙafa don kada ya takura wa motocin da ke wucewa, ko don kada a goge masa madubi. Ya tausaya wa mai mota ɗan'uwansa, ya ɗora wahalar a kan wanda ba shi da ƙarfen da zai kare shi. Ɓarnar kuma ba ta tashi da tashin motar. Ba a yi daɓen hanyar ƙafa don ɗaukar nauyin mota ba, shi ya sa yake tsagewa, falalen suna lotsawa, murfin magudanar ruwa yana karyewa. Wannan tsagar ce za ta kayar da wani bayan wata shida, lokacin da kowa ya manta wace mota ce ta jawo ta. Birnin Landan ya hana ajiye mota a kan hanyar ƙafa tun 1974, sai inda aka sa alamar izini. Skotland ta yi tata dokar a 2019, aka ba ƙananan hukumomi ikon fara cin tara daga Disamba 2023, tarar kuwa fam 100 ce. Ko babu doka a inda kake, maganin ɗaya ne: tayoyi huɗu a titi inda aka yarda, ko cikin gida, ko ka yi gaba kaɗan ka dawo da ƙafa. Idan titi ya matse har motar kashe gobara ba za ta wuce ba sai ka hau hanyar ƙafa, to wurin ba wurin ajiye mota ba ne tun asali.

Akwai irinsa guda biyu da ba a cika lura da su ba. Na farko, motar da aka shigar ƙofar gida amma gindinta ya leƙo waje ya cinye rabin hanya. Na biyu, motar da aka tsayar daidai gangaren da aka saukar don keken guragu ya tsallaka titi. Wannan ɗan gangare shi kaɗai ne mashigar mai keke. Idan ka toshe shi sai ya koma baya ya nemi wani, wataƙila a can ƙarshen layi. Sai kuma fita daga gida da baya. Mai fita da baya ba ya ganin yaron da ke tafe a jikin katanga, domin tsayin yaron bai kai gilashin baya ba. Ka shiga da baya lokacin da kake ganin hanyar sarai, ka fito da gaba.

Shinge da rassan bishiya su ne na biyu, kuma a nan ma awo da jiki ne ke cutar mutane. Mai gida ya saba da reshen da ke ƙofarsa, yana sunkuyawa ba tare da ya san ya sunkuya ba. Makaho bai san da shi ba. Sandarsa ƙasa take lalubawa, tana gano dutse da rami da gindin falwaya, amma abin da ke rataye daidai fuska ba ta da labarinsa. Saboda haka ne ƙa'idar Amurka ta ce duk abin da ke jikin bango tsakanin tsayin inci 27 da inci 80, wato daga santimita 69 zuwa mita 2, kada ya turo cikin hanya fiye da inci 4, kimanin santimita 10. Wannan ya haɗa da akwatin wasiƙa, da allon talla, da murfin taga mai buɗewa waje, da na'urar sanyaya ɗaki. Ga reshe kuwa, a bar sarari sama da mita 2. Birtaniya mita 2.3 take so. A riƙa tunawa reshen da ya yi daidai a busasshiyar rana yakan sunkuyo idan ya sha ruwan sama, don haka a ƙara masa rata.

Wajen datse shinge, kuskuren shi ne a yanke shi daidai kan iyaka. Kafin mako kaɗan ya sake tofowa ya koma inda yake. A yanke shi ya shiga cikin iyakar gida sosai, yadda sabon tofo zai sami wurin fitowa. A duba ƙasansa ma, domin shinge yakan yi faɗi ta gindi, ciyawa da ƙasa su biyo shi suna cin hanya sannu a hankali har mutum ya manta asalin faɗinta. Ka tona gefen da shebur, sau da yawa za ka tarar da daɓe mai faɗin tafin hannu ko fiye a binne. Kuma a kwashe abin da aka yanke nan take. Ƙaya tana fasa tayar keken guragu, kuma wanda tayarsa ta sace a hanya ba zai sauka ya tura ba. A Ingila dokar hanyoyi ta 1980 ta ba hukuma ikon aika wa mai gida takarda ya yanke cikin kwana 14, in ya ƙi ta yanke ta miƙo masa lissafi. A ƙofar fita da kwanar layi, shinge mai tsayi yana ɓoye mai tafiya daga direba. A kusa da fitilar titi kuma yana shanye hasken.

Abin da ya fi kayar da mutane ba babban rami ba ne. Babban rami kowa na ganinsa ya kauce. Ɗan tudun da bai kai kaurin yatsa ba, inda falale ɗaya ya ɗaga ya bar ɗan'uwansa, shi ne ke kama bakin takalmi. Ƙa'idar Amurka ba ta yarda da tudun tsaye da ya wuce rubu'in inci ba, milimita 6 ke nan, sai an goge bakinsa ya zama gangare. Wanda ke ganin wannan tsanani ne ya kalli yadda tsoho ke tafiya, ƙafarsa da kyar take barin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, a gida da waje, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Sau da yawa saiwar bishiya ce ke ɗaga daɓen, domin yawancin saiwoyi a saman ƙasa suke yaɗuwa, ba sa nutsewa can ƙasa kamar yadda ake zato. Mutane kan yi ɗaya daga gyara biyu marasa kyau: ko su sare babbar saiwa, bishiyar ta rasa madafa ta jira iska mai ƙarfi, ko su kwaɓa siminti su lafta a kai, ya bushe ya zama sabon abin tuntuɓe, bayan ɗan lokaci ya farfashe. Idan hanyar ta hukuma ce, aikin nata ne, a kai mata rahoto. Idan taka ce, a nemo wanda ya san aikin bishiya ya duba kafin a taɓa saiwa.

Gyaran ƙofar gida yana da nasa laifin, kuma shi ya fi ba ni haushi domin kuɗi aka kashe aka saye shi. Mai gida yana son motarsa ta shiga ba tare da ta gogi ƙasa ba, sai ya sa magini ya karkatar da hanyar ƙafa gaba ɗaya daga bakin ƙofa zuwa titi. Mota ta ji daɗi. Mai keken guragu kuwa da ya iso wurin, keken zai riƙa janye shi zuwa titi, yana kokawa da hannu ɗaya don ya miƙe. Karkatar da ake bari a hanyar ƙafa kaɗan ce, wajen kashi 2 cikin 100, iyakar abin da zai sa ruwa ya gangare. A bar tsakiyar hanyar a shimfiɗe, gangaren mota ya tsaya a bakin titi. Wani kuma tayil mai sheƙi zai shimfiɗa don ƙofarsa ta fi ta kowa kyau. Ranar da aka yi ruwa, santsinsa ba ya tambayar shekarun kowa.

Ruwa ma haka. Indararon da ke zuba a kan hanya, da ruwan wankin mota, da tiyon ban ruwan fure da ke ɗiga kullum, duk suna haifar da gansakuka, musamman a inuwa. Ganyen da ya jiƙe ya kwanta shi ma santsi ne, kuma yana rufe rami. Kada a share shi a tura cikin magudana, toshewa za ta yi ruwan ya dawo. A ƙasashen da ake ƙanƙara, babban kuskure shi ne watsa ruwan zafi: yana narkar da ita na ɗan lokaci, sannan ya daskare ya zama sumul, wanda ya fi na farko haɗari. A kwashe ta da wuri kafin a tattake, a barbaɗa gishiri, idan sanyi ya yi tsanani har gishiri ya daina aiki a zuba yashi.

Sauran kayan da ake cewa "na ɗan lokaci ne" ba sa buƙatar dogon bayani. Kwandon shara ya fito ranar kwasa, a jera shi a gefe ɗaya, ya koma ciki a ranar. Yashi da bulo da rodi su shiga cikin fili; in dole ne su kwana a waje, a nemi izini, a kewaye su da shinge mai ƙarfi da alamar da ake gani da dare. Zare ko ƙyalle da aka ɗaura tsakanin sanda biyu ba ya tsayar da kowa, kuma sandar makaho ta ƙarƙashinsa take wucewa. Ramin da murfinsa ya ɓace ba a rufe shi da kwali ko ruɓaɓɓen katako. Gara a gan shi a buɗe da a taka abin da zai rufta. Wayar cajin mota mai lantarki da ake shimfiɗawa daga gida zuwa titi sabuwar matsala ce, haka ƙananan baburan haya masu lantarki da ake hawa a tsaye, da ake yasarwa ko'ina, waɗanda birnin Paris ya kore su a Satumba 2023 bayan ƙuri'ar mazauna. Sai falalen nan masu ƙuraje da layi-layi, galibi rawaya, da ake gani a bakin mashiga. Ba ado ba ne. Wani ɗan Japan, Seiichi Miyake, ya ƙirƙiro su a 1965, aka fara shimfiɗa su a birnin Okayama a 1967, domin makaho ya ji da ƙafa ko sanda inda hanya ta nufa da inda titi ya fara. Tukunyar fure ko allon talla a kansu daidai yake da cire alamar.

Idan laifin na maƙwabci ne, kada a fara da takarda mai zafi a jikin gilashin mota, kada kuma a fara da hukuma. Mafi yawansu ba su taɓa lura ba. A same shi a natse: "Maƙwabci, barka da hutawa. Don Allah reshen nan ya sauko, masu wucewa da dare ba sa ganinsa. In kana so in zo da almakashi mu yi tare." Wanda aka zo masa da tayin taimako da wuya ya murtuke. In an yi magana sau biyu ba a ga canji ba, sai a wuce gaba.

Wajen kai rahoto kuma, kowa yana zaton wani ya riga ya kai, sai rami ya shekara ba wanda ya faɗa. Wanda ya kai ma yakan ce "hanyarmu ta lalace" ya tsaya nan, ma'aikaci ya rasa inda zai dosa. A faɗi sunan layi da lambar gidan da ke kusa ko lambar falwayar fitila. A ɗauki hoto biyu, ɗaya daga nesa da zai nuna wurin, ɗaya daga kusa da tef ko makulli a jikin tudun don a ga girmansa. A ambaci wanda abin ke hana wa wucewa, da ko wani ya riga ya faɗi, domin hukumomi da yawa da girman haɗari suke jera aiki. A karɓi lambar rahoto a rubuta ranar, in an ji shiru a koma da ita.