Mayar da kaya a Legas: kanti bai san fuskarka ba, lambarka ya sani

A Kantin Kwari, in yadi bai yi maka ba sai ka koma wa mai shago. Ya san ka, ya san ubangidanka, a musanya maka cikin raha. Wanda ya sauka Agege ko Idi-Araba da wannan sabo zai sha mamaki, domin manyan kantuna da kamfanonin ciniki ta intanet irin su Jumia da Konga ba sanayya suke dubawa ba, abin da kwamfuta ta ajiye suke bi.

Duk cinikin da ka yi ana shigar da shi: lambar rasit, rana da lokaci, katin da ka biya da shi, lambar wayarka, da lambar da ke jikin kayan in na lantarki ne. Ran da ka dawo da kaya, da waɗannan za a gwada. Dalilinsu a fili yake, sun gaji da masu cusa tsohuwar waya a sabon kwali, da masu sa riga su je biki su dawo da ita, da masu rasit na jabu. A Amurka har akwai wani kamfani, The Retail Equation, aikinsa ke nan: ƙirga wa kantuna sau nawa mutum ya mayar da kaya.

Ga inda mutanenmu suka fi faɗawa, kuma abin takaici alheri ne ke jawo shi. Mutum ɗaya mai babbar waya sai ya zama shi ke yi wa 'yan ɗaki da maƙwabta oda da asusunsa. Wannan ya ce takalmin ya matse shi, wancan ya fasa bayan ɗan aike ya iso ƙofar gida, wani kuma an yi ta kira bai ɗaga ba. Kwamfuta ba ta san mutum shida ba ne, mutum ɗaya take gani mai yawan mayarwa. Daga nan sai a hana shi tsarin sai an kawo kaya ya biya, ko a rufe asusun. Ɗan'uwa, ka taimaka wa kowa ya buɗe nasa da lambarsa, ya fi muku sauƙi.

Rasit ɗin kanti da na POS tawadarsu kan goge, musamman a aljihu cikin zafi da gumin Legas, don haka ka ɗauki hotonsa tun kana bakin kanta. Kada ka yar da kwali, leda, caja ko takardar garanti, kada kuma ka ɓare sitika. Kayan oda kuwa, ka ɗauki bidiyo tun daga yanke salatif. Wa'adin mayarwa yawanci kwana 7 ne, amma ka karanta na kayan da ka saya. Turare da kayan ciki ba kasafai ake karɓarsu ba in an buɗe.

Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba, kasuwannin waya da kayan lantarki, sai an ƙara kula. Kada ka saya a hannun masu tare mutane a bakin titi, ka shiga shago mai suna da lamba. In waya za ka saya, danna *#06# ka ga IMEI, wato lambar shaidar wayar, lambobi 15 ne, ka gwada da na kwali, sannan a rubuta su a rasit tare da kwanakin garanti. In tura kuɗi za ka yi, ka duba sunan asusun ya dace da na shagon ko mai shi.

Rubutun nan na "ba a mayar da kuɗi" da ake mannawa a bango bai fi ƙarfin doka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ka damar mayar da kayan da ke da aibi ko waɗanda suka saɓa wa abin da aka siffanta maka. Canza ra'ayi kawai ba ya ciki, wannan sai yadda kanti ya ga dama. In an ƙi sauraronka, ka fara rubuta wa manaja koke ka ajiye kwafi, sannan ka kai wa hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC ta tarayya ko LASCOPA ta jihar Legas, da rasit da hotuna a hannunka.