Yadda Ake Zama Mai Binciken Karatu da Koyo a Cikin Iyali

Kafin yaro ya taka ƙofar aji, ya riga ya yi shekaru yana kallon yadda mutanen gidansu ke hulɗa da rubutu. Ya ga mahaifiyarsa tana duba takardar magani, ya ga yayarsa tana haɗa baƙi, ya ji kakarsa na cewa a karanta mata saƙon da ya shigo waya. Akwai masu binciken da aikinsu ke nan: gano yadda karatu ke tsirowa a gida, da yadda iyaye da 'ya'ya ke koya wa juna. Idan wannan hanya ta kwanta maka a rai, ga yadda ake bin ta.

Mataki na farko: kafa tushe

Yawanci ana farawa da digirin farko a fannin koyarwa, ko ilimin halayyar ɗan Adam, ko kimiyyar harshe, ko ilimin zamantakewa. Daga nan sai digiri na biyu, sannan na uku ga mai son jagorantar bincike nasa na kansa. Shawarata ita ce ka koyar tukuna, ko da shekara biyu ce, a ajin ƙananan yara ko ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya taɓa ganin dattijo yana gumi a kan rubuta sunansa ba zai ƙara yi wa lamarin kallon wasa ba. A jami'a kuma kada ka guje wa darasin ƙididdiga, kada kuma ka raina darasin lura da hira. Duka biyun za ka neme su.

Mataki na biyu: san waɗanda suka riga ka

Sunan fannin, wato "family literacy" (karatu a cikin iyali), ya bazu ne daga aikin Denny Taylor na 1983, wadda ta bi iyalai shida tana lura da yadda karatu ke cuɗanye da harkokinsu na yau da kullum. A shekarar ce kuma Shirley Brice Heath ta fitar da abin da ta tara cikin kusan shekara goma a wasu unguwannin ma'aikata biyu na yankin Karolina a Amurka. Ta nuna cewa kowace unguwa tana da salonta na magana da yara da ba da labari, sai dai makaranta salo ɗaya kawai take yabawa.

Sannan ka zauna ka nazarci muhawarar da ta fi kowace zafi. A 1995, Betty Hart da Todd Risley sun wallafa binciken iyalai 42 a Kansas, waɗanda aka riƙa naɗar maganarsu awa ɗaya a kowane wata har kimanin shekara biyu da rabi. Daga nan suka ƙiyasta cewa tazarar kalmomin da ɗan masu hali da ɗan talaka ke ji ta kai miliyan 30 a shekarun farko. Adadin ya zagaya duniya. Amma iyalai shida ne kacal a rukunin mafi talauci, kuma a 2018 Douglas Sperry da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ƙirga maganar duk masu rainon yaro da wadda yake ji ana yi a gefensa, hoton yakan sauya sosai. Darasin da ke nan naka ne: abin da ka zaɓi ƙirgawa shi ke yanke abin da za ka gani.

Mataki na uku: matse tambayarka

"Yaya gida ke shafar karatu?" ba tambayar bincike ba ce, teku ce. Dubi yadda Monique Sénéchal da Jo-Anne LeFevre suka yi a Kanada a 2002. Sun raba karanta wa yaro labari daban, koya masa baƙaƙe daban, suka iske na farko ya fi alaƙa da yalwar kalmomi, na biyu kuma da iya haɗa baƙi. Irin wannan tambaya ake so, wadda za a iya amsawa. Idan ba ka da kuɗin fita fili, akwai bayanan da aka riga aka tara, kamar na PIRLS, binciken ƙasa da ƙasa kan iya karatun yara, da ake yi duk shekara biyar tun 2001, wanda ke ɗauke da tambayoyin da iyaye suka amsa game da gida.

Mataki na huɗu: nemi izini na gaskiya

Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka zai duba tsarinka, wannan dole ne. Amma izinin da ya fi nauyi na masu gida ne. Ka tuna wasu cikinsu ba sa iya karanta takardar amincewar da kake miƙa musu. Karanta musu da baki, cikin harshensu, ka faɗi wa zai ji muryar da ka naɗa, ka tabbatar musu suna iya cewa "mun fasa" ko yaushe. Shi ma yaron a tambaye shi. Sunayensu na gaskiya kuwa ba sa shiga rahoto.

Mataki na biyar: shiga gida

A nan aikin yake, kuma a nan sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Ziyarar farko kusan ba ta ba ka komai. An share ɗaki, an zaunar da yaro tsaf, an ɗauko littafi ɗaya tilo an ɗora inda za ka gani, uwa tana karantawa da muryar da ba tata ba don ta ɗauka malami ne ya zo duba ta. Kada ka rubuta wannan a matsayin halin gidan. Ka koma, ka sake komawa, har a daina gyara zama idan ka yi sallama.

Ranar da aka manta da kai, sai ka fara gani. Yarinya 'yar shekara tara ta tsuguna tana karanta wa mahaifinta takardar da aka aiko daga makaranta, shi kuma yana tsayar da ita yana fassara mata abin da kalmar ke nufi a zahiri. Ƙaninta ya leƙo ta kafaɗarta, ya ɗora yatsa a kan baƙi ɗaya ya ce, "Wannan irin na sunana ne." Wa ke koyar da wa a nan? Takardar tambayoyi da ke cewa "littattafai nawa ne a gidanku" ba za ta taɓa kamo wannan ba.

Shi ya sa nake jaddadawa, ka shiga kana neman abin da ke akwai kafin ka lissafa abin da babu. Luis Moll da abokan aikinsa a Arizona sun tura malamai gidajen ɗalibansu a matsayin masu koyo, suka tarar da tarin sani na noma, gini, ciniki da kiwon lafiya da ajin bai taɓa amfana da shi ba. Rubuta abin da ka gani a ranar, tun bai dusashe ba, ka ware abin da ido ya gani da abin da zuciya ta raya maka. Ka kuma tanadi lokaci, domin mayar da naɗin awa ɗaya zuwa rubutu yakan cinye sa'o'i da yawa, musamman idan mutum huɗu na magana lokaci guda.

Mataki na shida: auna, ko da sakamakon bai yi maka daɗi ba

Ƙaunar iyalai ba ta isa hujja ba. Idan ka ƙirƙiro shiri, ka kwatanta waɗanda suka shiga da makamantansu da ba su shiga ba. A gundumar Haringey ta Landan an gwada sa yara su riƙa karanta wa iyayensu a gida, kuma rahoton 1982 ya nuna sun zarce takwarorinsu, har da waɗanda aka ƙara wa malami a makaranta. Shirin Even Start na Amurka kuwa, da ya haɗa karatun manya da na yara, da aka auna shi da rukunin kwatanci ba a ga bambancin da aka sa rai ba. Duka biyun ilimi ne, kuma wajibi ne a wallafa su.

Mataki na bakwai: mayar da abin da ka samo

Guraben aikin suna jami'o'i, ma'aikatun ilimi, ɗakunan karatu, ƙungiyoyin sa-kai, da cibiyoyi irin ta UNESCO mai kula da koyo tsawon rayuwa da ke Hambug a Jamus. Za ka rubuta maƙala ga mujallar masana, ka rubuta taƙaitaccen bayani ga masu tsara manufofi, ka nemi tallafin bincike na gaba. Kafin duk wannan, koma gidajen da suka buɗe maka ƙofa. Zauna inda ka saba zama, ka faɗa musu abin da ka fahimta cikin magana mai sauƙi, sannan ka tambaye su: "Haka abin yake, ko akwai inda na kuskure?" Ka riƙe alƙalaminka a hannu, domin sau da yawa za su gyara maka.